Sharon Pollock da Tarihin da Kanada Ta So Ta Manta

Tun watan Agusta na 2020, lokacin da masu zanga-zanga suka kayar da mutum-mutumin John A. Macdonald, firaministan Kanada na farko, a birnin Montreal, muhawara ba ta kwanta ba a ƙasar game da yadda mahukuntan farko suka bi da 'yan asalin ƙasa da kuma baƙin da ba fararen fata ba. Abin takaici a wannan ka-ce-na-ce shi ne yadda ɓangarorin biyu ke magana kamar jiya aka bankaɗo al'amarin, alhali kuwa wata mata mai suna Sharon Pollock ta kai shi gaban jama'a a dandalin wasan kwaikwayo tun 1973, shekarar da rundunar 'yan sandan doki ta Kanada ke bikin cika shekara ɗari da kafuwa. Mutane sun je sun kalla, sun yi tafi, sun koma gida, domin a ganin mafi yawansu abin da aka kira wasa ba ya wuce wasa.

An haifi Pollock a 1936 a Fredericton da ke lardin New Brunswick, mahaifinta likita ne kuma ɗan siyasa, kuma ta fara ne da fitowa a dandali kafin ta kama alƙalami, har ta ci kyautar gwarzuwar 'yar wasa a gasar wasan kwaikwayo ta ƙasa a 1966. Daga baya ta zauna a Calgary, ta koyar da rubutun wasa a Jami'ar Alberta, ta jagoranci zauren horar da marubuta wasa a Cibiyar Banff, ta kuma riƙe muƙamin daraktan fasaha, wato mai zaɓar wasannin da za a nuna da tsara alƙiblar kamfani, a Theatre Calgary da Theatre New Brunswick. Sau biyu ta karɓi lambar Gwamna Janar, wadda ke cikin manyan kyaututtukan adabi na ƙasar: a 1981 saboda Blood Relations, a 1986 kuma saboda Doc, wasan da ta gina kan rayuwar gidansu.

Wasan nata na 1973 sunansa Walsh. Bayan da mayaƙan Lakota, 'yan asalin ƙasa a Amurka, suka murƙushe rundunar sojan Amurka da Custer ke jagoranta a Little Bighorn a 1876, shugabansu Sitting Bull ya ƙetara zuwa Kanada da jama'arsa a 1877, inda ya haɗu da Manjo James Walsh na 'yan sandan doki, har amana ta ƙullu tsakaninsu. Gwamnati a Ottawa ba ta kore su da bindiga ba. Ta dai hana su filin zama da tallafin abinci a daidai lokacin da ɓaunar da suke farauta ke ƙarewa, ta bar yunwa ta yi mata aiki, aka ɗauke Walsh daga yankin, Sitting Bull kuma ya koma Amurka ya miƙa wuya a 1881.

A nan ne masu sharhi da dama ke kuskure, domin suna neman mugu a cikin wasan, sai su rasa, su ɗauka marubuciyar ta sassauta. Walsh ba azzalumi ba ne, mutumin kirki ne da ke karɓar umarni, kuma wannan shi ne abin da Pollock ke son a gani. Misalinsa kamar mai gadin rumbu ne wanda maƙwabcinsa ke mutuwa da yunwa, mabuɗi yana aljihunsa, amma maigida ya ce kada a buɗe, sai ya tsaya yana ba maƙwabcin haƙuri. Ko kuwa kamar ɗan aiken da ya san wasiƙar da ke hannunsa za ta rushe gida, ya yi ta jan ƙafa a hanya, amma daga ƙarshe ya miƙa ta. Ko dillalin da ya san awon ba daidai ba ne, ya kawar da kai saboda mudun ba nasa ba ne. Littafin tarihi yana iya faɗin wanda ya sa hannu a kan doka, amma da wuya ya nuna fuskar wanda ya aiwatar da ita yana sane da cewa ba daidai ba ce, kuma aikin da dandali ya fi takarda iyawa ke nan.

Pollock ta sake bin wannan hanya a The Komagata Maru Incident na 1976. A watan Mayu na 1914 jirgin ruwa mai suna Komagata Maru ya iso gaɓar Vancouver ɗauke da fasinjoji 376 daga yankin Punjab na Indiya, akasarinsu mabiya addinin Sikh, dukkansu kuma talakawan Sarkin Ingila ne kamar yadda mutanen Kanada suke. Dokar da aka tare su da ita, wadda aka kafa a 1908, ba ta ambaci launin fata ba. Cewa ta yi dole baƙo ya taho kai tsaye daga ƙasar haihuwarsa ba tare da ya yada zango ba, alhali babu jirgin da ke yin wannan tafiya daga Indiya. Tamkar a ce wa baƙo lale marhabin ne, amma da sharaɗin ya shigo ta ƙofar da ba a gina ba. Wata biyu jirgin ya yi a tsaye, abinci da ruwa suna yankewa, kafin a tilasta masa juyawa, kuma da ya isa kusa da Kalkata 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wa fasinjojin wuta, mutane da dama suka mutu.

Pollock ta tsara wasan kamar filin 'yan wasan dabo, da wani sanƙira da ke juya kowa yadda ya ga dama, ta kuma sa jami'in shige da fice William Hopkinson a tsakiya, mutumin da ta nuna yana ɓoye jinin Indiya da ke jikinsa domin ya samu shiga wurin manya. Masu ƙorafin cewa ta ƙara gishiri sun manta cewa ba rahoton kwamitin bincike ta yi alkawarin rubutawa ba. Tela ma yana yanka yadi ya zubar da ƙyalle, amma ba a cewa ya sauya yadin. Adadin mutane da dokar suna nan yadda suke a kundin gwamnati, zaɓin wanda za a haska wa fitila ne kawai nata.

A 1992 ta buɗe ƙaramin gidan wasa mai suna Garry a Calgary tare da ɗanta, a 2012 kuma aka ba ta lambar girmamawa ta ƙasa. Hukumomi dai ba su yi gaggawa ba: sai a watan Mayu na 2016 Firaminista Justin Trudeau ya tsaya a zauren majalisa ya nemi gafara kan Komagata Maru, shekara arba'in bayan wasan, shekara 102 bayan juyawar jirgin. Pollock ta rasu a Calgary a watan Afrilu na 2021, tana da shekara 85.