Baddala Wasan Kwaikwayo Zuwa Fim: Uwargidan Macbeth a Finafinai Huɗu

1.0 Gabatarwa

Rubutaccen wasan kwaikwayo ba ya cika sai an aiwatar da shi. Abin da marubuci yake bari a takarda shi ne maganganun 'yan wasa da ɗan taƙaitaccen umarni. Shekarun tauraro da kamanninsa da muryarsa, da ma dalilan wasu ayyukansa, galibi mai aiwatarwa ne ke cike su. Wannan ne ya sa idan daraktoci daban-daban suka baddala wasa ɗaya, wato suka juya shi zuwa fim, sai tauraro guda ya fito da fuskoki mabambanta. A wannan darasi za a dubi yadda hakan ya faru ga uwargidan Macbeth.

2.0 Uwargidan a Rubutaccen Wasa

William Shakespeare ya rubuta wasan Macbeth wajajen shekarar 1606, aka fara buga shi a 1623. Macbeth jarumi ne a ƙasar Sikotlan, wanda wasu matsafa mata uku suka shaida masa zai zama sarki, amma zuriyar abokinsa Banquo ce za ta gaji sarautar. Matarsa ta zuga shi ya kashe Sarki Duncan a daren da ya sauka gidansu. Daga baya alhaki ya kama ta, ta riƙa yawo cikin barci tana wanke jinin da babu shi a hannunta, har aka kawo labarin mutuwarta.

Marubucin ya bar giɓi biyu game da ita. Na farko, bai faɗi shekarunta ba. Na biyu, ta ambata cewa ta taɓa shayar da jariri, amma ba a ga ɗan ba, Macbeth kuma yana kukan rashin magaji. Yadda kowane darakta ya cike waɗannan giɓi shi ne ya tantance irin matar da mai kallo zai gani.

3.0 Fuskokinta a Finafinai

3.1 Fim ɗin Kurosawa (1957)

Akira Kurosawa ya mayar da labarin zuwa Japan ta zamanin yaƙe-yaƙen sarakuna, a fim ɗin Throne of Blood. Uwargidan ta koma Asaji, wadda Isuzu Yamada ta fito a matsayinta. An yi mata farar kwalliya mai kama da fuskar da ake sawa a wasan gargajiyar Japan mai suna Noh. Ba ta ɗaga murya, ba ta yawan motsi, sau da yawa ƙarar jan tufafinta a ƙasa ce ke sanar da zuwanta. Makaminta shi ne tsoratarwa: ta nuna wa mijinta, Washizu, cewa in bai kashe ubangidansa ba, to shi za a kashe. Ita ta ba masu gadi giya mai sa barci, ita ta danƙa masa mashi. Da ya yi niyyar naɗa ɗan abokinsa magaji, sai ta ce tana da ciki. Cikin ya zo babu rai, daga nan hankalinta ya gushe. A nan ita ce tushen makirci.

3.2 Fim ɗin Polanski (1971)

Roman Polanski ya bar labarin a Sikotlan, amma ya zaɓi matasa, Jon Finch da Francesca Annis, dukkansu ba su kai shekara talatin ba. Uwargidan a nan kyakkyawa ce mai taushin murya, wadda take shawo kan mijinta da lallashi da hawaye. Mai kallo yana ganin yarinyar da ta ɗauki kisa abu mai sauƙi, ba ta san girman abin da ta tono ba sai da jini ya yawaita, mijin kuma ya daina shawara da ita. Maganganun na Shakespeare ne, amma ƙuruciya ta sauya ma'anarsu: mugunta ta koma wauta da rashin hangen nesa.

3.3 Fim ɗin Bhardwaj (2003)

A fim ɗin Indiya mai suna Maqbool, Vishal Bhardwaj ya kai labarin cikin gungun 'yan ta'adda na birnin Mumbai. Sarki ya koma uban daba mai suna Abbaji, matsafa suka koma 'yan sanda biyu masu duba. Nimmi, wadda Tabu ta fito a matsayinta, ba matar Maqbool ba ce, farkar Abbaji ce da take son Maqbool a ɓoye. Saboda haka ba sarauta ce ta dame ta ba. Soyayya ce da tsoron ranar da tsohon zai yar da ita ya ɗauki wata. Bayan kisan ta haihu, ana kokwanton ko ɗan na wane ne, ta riƙa ganin jini a bango har ta mutu. Wannan sauyi ya sa laifin ya haɗa cin amana biyu, na ubangida da na shimfiɗa.

3.4 Fim ɗin Coen (2021)

Joel Coen ya bi akasin hanyar Polanski. Denzel Washington da Frances McDormand duk sun haura shekara sittin lokacin da fim ɗin The Tragedy of Macbeth ya fito. Uwargidan dattijuwa ce da haihuwa ta wuce ta, wadda take ganin wannan ce dama ta ƙarshe gare ta da mijinta. Gaggawarta ta wanda rana ta kusa faɗuwa gare shi ce. Rashin magaji a nan ba shi da magani, don haka duk jinin da suka zubar domin sarautar da za ta koma hannun wasu ne.

4.0 Kammalawa

Dukkan matan huɗu sun zuga kisa, kuma dukkansu alhaki ya cim musu, domin kuwa alhaki kwikwiyo ne. Abin da ya bambanta su shi ne dalili: makirci da tsoro, ƙuruciya, soyayya, da ƙurewar lokaci. Ke nan darakta mai fassara ne, ba mai kwafi ba. Kuskure ne ɗalibi ya kalli fim ɗaya ya ɗauka ya san wasan, ko ya jingina wa marubuci abin da darakta ya ƙara. Haka kuma bai wadatar mai nazari ya ce fim ya saɓa wa littafi ba. Wajibi ne ya gano abin da aka sauya, da dalilin sauyin, da tasirinsa ga jigo. Wannan ma'auni ne zai yi amfani da shi ga duk wani rubutaccen wasa ko littafin Hausa da aka mayar fim.

5.0 Auna Fahimta

1. Kawo giɓi biyu da Shakespeare ya bari game da uwargidan Macbeth.
2. Kwatanta Asaji da Nimmi ta fuskar dalilin zuga kisa.
3. Yaya shekarun 'yan wasa suka sauya ma'anar labarin a finafinan 1971 da 2021?