Yadda Ake Tatso Man Fetur Da Ya Maƙale A Ƙarƙashin Ƙasa

Mutane da yawa suna zaton man fetur yana kwance ƙarƙashin ƙasa kamar ruwan tabki. Ba haka ba ne. Man yana cikin ƴan ƙananan ramuka na dutse, kamar yadda man gyaɗa yake cikin tunkuza. Kowace mace ta san sai an murza, an zuba ruwan zafi, kafin mai ya fito. Haka ma rijiyar fetur take.

Idan aka haƙa sabuwar rijiya, man yakan taso da kansa, don ƙasa da iskar gas suna matsa shi. Bayan wasu shekaru ƙarfin nan sai ya ragu. Daga nan sai a haƙa wata rijiya kusa, a riƙa tura ruwa ciki, ruwan ya kora man zuwa rijiyar farko. Duk da haka, a wurare da yawa kashi 1 cikin 3 kaɗai ake samu. Sauran yana nan maƙale.

Me ya sa? Ruwa tsararo ne, mai kuwa yana da kauri. Ruwan yakan bi hanya mai sauƙi ya wuce, ya bar man a baya. Kuma mai yana manne wa dutse kamar maiƙo a jikin kwano. Don haka masana suka samo magunguna iri 3 da ake haɗawa da ruwan.

Na farko sunansa folima. Wani farin gari ne. Giram 1 ko 2 cikin lita guda yana sa ruwa ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa. Ruwa mai yauƙi ba ya gudu. Yana tafiya sannu, yana tura man gaba ɗaya.

Na biyu ɗan'uwan sabulu ne. Ruwa zalla ba ya wanke kwano mai maiƙo, amma da an sa sabulu sai maiƙon ya saki. Haka maganin nan yake saki man daga jikin dutse.

Na uku ɗan'uwan kanwa da ruwan toka ne. Kun san da toka da mai ake yin sabulun salo. To, idan wannan magani ya gamu da ɗanyen mai, sai sabulu ya samu can ƙarƙashin ƙasa. Wani lokaci ana haɗa duka ukun.

Inda aka fi yin wannan aiki shi ne Dacing, a arewa maso gabashin ƙasar Sin. An gano mai a can a 1959. Bayan shekaru ana tura ruwa, sai ya zama abin da rijiyoyi suke fitarwa ruwa ya fi mai yawa. A 1996 suka shiga amfani da folima sosai. A wuraren da aka yi haka, an ƙara samun sama da kashi 10 cikin 100 na man da ke ƙasa.

Amma aikin yana da wuya. Magungunan suna da tsada, kuma da ruwan ciki akan ja na rijiya. Gishiri da zafin ƙasa suna kashe yauƙin folima. Sakamako ba ya zuwa sai bayan watanni ko shekaru. Aikin yana cin ruwa mai yawa. Ruwan da ya komo sama kuwa ya gurɓata, tilas a tace shi, a hana shi shiga rijiyoyin mutane da na dabbobi.

Wannan magana ta shafe mu. Kamfanin CNPC, mai rijiyoyin Dacing, shi ne ya haƙa na Agadem a jihar Difa. A 2011 aka buɗe matatar Soraz kusa da Damagaram, mai iya tace ganga 20.000 a rana. Ganga guda lita 159 ce. A 2024 man Nijar ya fara fita waje ta tiyon da ya bi ƙasar Benin zuwa bakin teku.

Kowace rijiya tana tsufa. Man da aka bari a ƙasa dukiya ce da ba ta amfani kowa ba. Amma ruwan sha ya fi mai daraja wurin manomi da makiyayi. Duk ranar da kuka ji za a tura magani cikin rijiyar fetur, ku tambaya: daga ina za a ɗebo ruwan, kuma ina za a zuba shi bayan an gama?