Da Rigar Kakana Na Je Daren Mizmar

Wannan karon labarin wani biki na kawo muku, wanda na halarta a nan Makka ranar 22 ga Fabrairu 2024, kuma har yau in na tuna sai in yi dariya, wani lokacin kuma in yi shiru.

Ga waɗanda ba a Saudiyya suke ba, ranar 22 ga Fabrairu ita ce Yaumut Ta'asis, wato ranar tunawa da kafa daular Saudiyya ta farko a Dir'iyya a 1727, zamanin Imam Muhammad bin Sa'ud. A 2022 aka fara bikinta. Abin da ya bambanta ta da ranar ƙasa ta 23 ga Satumba shi ne sutura: kowa sai ya nemo kayan kakanninsa ya saka, mutumin Najdu da nasa, mutumin Asir da nasa, na Hijaz da nasa. To wasu abokanmu da muka yi sakandare tare suka haɗa kuɗi suka kama istiraha a bayan gari, irin gidan shaƙatawar nan da ake haya na dare ɗaya, suka ɗauko masu kiɗan mizmar. Saƙon gayyata ya zo da sharaɗi guda: ba mai shiga da farar jallabiyar yau da kullum, kowa ya zo da shigar kakansa.

Ina karantawa na tura wa 'yar kawuna da ke karatu a Ingila, don na san irin abin da take so ke nan. Ita ce ta taɓa zuwa garin Bath, inda tun 2001 ake yin bikin marubuciyar nan Jane Austen duk watan Satumba. Can mutane suke shigar shekaru ɗari biyu da suka wuce, mata da dogayen riguna masu ɗamara a ƙarƙashin ƙirji, maza da matsattsen wando da doguwar hula, da daddare kuma a yi rawar gargajiyar Ingila. Rawa ce ta sahu biyu, maza nan mata can suna fuskantar juna, wani yana kiran takun da za a yi, biyu-biyu suna ratsawa ta tsakiya. Tun 1651 wani John Playford ya buga littafin da ya tattara irin waɗannan raye-raye. Ta ce min ta ji daɗin abin ƙwarai, sai dai abu ɗaya ta lura da shi: kusan duk wanda ta gani a zauren shigar ɗan sarauta ko 'yar masu kuɗi ya yi. “Yaya, ban ga wanda ya zo a matsayin mai wanke musu kwanuka ba,” in ji ta. Sannan ta jefo min tambayar da ta hana ni barci: “To kai da wace rigar za ka je?”

Wallahi da farko ban ɗauki abin da zafi ba. A Makka aka haife ni, Larabcin Hijaz ya fi zama a bakina fiye da Hausa, wannan rubutun ma sai da Inna ta gyara min wasu wurare. Niyyata in je kasuwa in sayi abin da kowa zai saya: rawanin gabana mai ruwan ɗorawa, da 'yar falmaran da ake kira sidiriyya, da ɗamarar bugsha, in riƙe sandata ta shun, shi ke nan na zama ɗan Makkan dā. Kuma ba ƙarya zan yi ba in na yi hakan, don dattawan Hausawa na Misfala da Jarwal da Shari'il Mansur da yawa haka suke shiga ranar biki.

Baba ne ya ɓata min lissafi. Yana zaune yana shan shayi na faɗa masa, bai ce komai ba ya tashi ya shiga ɗaki. Can sai ga shi ya jawo tsohuwar akwatin ƙarfen nan da aka hana mu taɓawa tun muna yara. Ya buɗe, warin kafur ya cika falon, ya fito da wata babbar riga ta saƙi, baƙa wuluk da shuni, da aikin aska takwas a ƙirji wanda zarensa ya fara tashi.

“An ce shigar kakanka ko? To ga shigar kakanka.”

Na ce, “Baba, ai bikin gargajiyar Saudiyya ne.”

Ya ce, “Shi kuma a ina aka binne shi?”

Na rasa ta cewa. A Makka aka binne shi mana.

Kakana ya baro wani ƙauye kusa da Kura ta ƙasar Kano a 1955, da matarsa da Baba yana goye. Ba su iso ba sai 1961. Hanyar da dubban mutanenmu suka bi suka bi: Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, sannan su ratsa Sudan, wani wuri a ƙasa wani wuri a bayan babbar mota. In guzuri ya ƙare a tsaya a yi ƙwadago. Shekara uku suka yi suna tsinkar auduga a gonakin Jazira kafin su tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda. Hanyar kuwa tsohuwa ce. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903 aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, jama'a da yawa sun yi gabas, wasu suka zauna a Mai Wurno a bakin kogin Nilu, wasu suka ƙaraso har nan. Shi ya sa in ka ji Hausawi ko Fallata ko Barnawi a ƙarshen sunan ɗan Saudiyya kada ka yi mamaki. Usama Hausawi, wanda ya riƙe kyaftin ɗin ƙasar a gasar cin kofin duniya ta 2018, a Makka aka haife shi, a kulob ɗin Wahda ya taso.

Baba ya ce duk wahalar da suka sha a hanya, an sayar da jaki, an sayar da tasoshin kakata, amma kakana ya ƙi sayar da rigar nan, don ta mahaifinsa ce. Da ya iso Makka aikin ga-ruwa ya yi, sagga kamar yadda ake cewa a nan, garwa biyu a sanda yana hawa duwatsun unguwanni yana kai wa gidaje ruwa. Ranar Idi kawai yake saka rigar.

To haka na je da ita. Inna ta turara ta kwana biyu, ta nemo min hula, ta kuma ba ni labarin da ban taɓa ji ba, wai shigar burtu ba sabon abu ba ne a garin nan: a dā, kwanakin aikin Hajji in maza sun watse zuwa Arfa da Mina, matan Makka sukan yi wani wasa da ake kira Gais, su sa kayan maza da na masu mulki su zaga unguwa da kiɗa. An daina tuntuni.

Ƙarfe goma na dare na isa. An shimfiɗa dardumai, an jera kujerun katako irin na gahawar dā, ga tukunyar shayi, ga balila, ga sobiya. A gefe kuma wani yana gasa abin da 'yan Hijaz ke kira siriye, wanda ni da ku mun san tsire ne, har da ƙuli-ƙulinsa, sunan ma bai yi nisa da gida ba. Mata suna ɓangarensu, ƙanwata ta ce min can zabun da mihrama da mudawwara ne suka yi yawa, wato rigar matan Hijaz da ɗaurin kansu.

A bakin ƙofa aka fara. Wani saurayi da ban sani ba, cikin waɗanda ke karɓar baƙi, ya dube ni sama da ƙasa ya ce da Larabci, cikin murmushi dai, wai ɗan uwa yau daren gargajiyarmu ne, ba na Najeriya ba. Ban san lokacin da kunnuwana suka ɗauki zafi ba. Duk wanda ya tashi a nan da baƙar fata ya san yadda kalmar “Takaruni” ke fita daga wani bakin, ko da ba a furta ta ba. Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai idona ya faɗa kan wani yaro a bayansa, ɗan gidan masu hali ne na san shi, ya yi shigar ga-ruwa, da garwa biyu sababbi fil babu ko ɗigon ruwa a ciki, ana ta ɗaukarsa hoto. Kai jama'a! Shi ya sa kayan aikin kakana an ce gargajiya, ni na sa kayan Idin kakana an ce baƙo. Abokina da ya gayyace ni ne ya zo ya ja hannuna muka shige.

Aka hura wuta a tsakar fili aka fara mizmar. Sunan yana ruɗin mutane, don mizmar a Larabci sarewa ce, amma wasan babu busa a cikinsa, ganguna ne da tafi da waƙa. Maza suna tsayawa sahu biyu suna kallon juna, shugaban sahu ya ɗaga waƙar da ake kira zomal, sahunsa ya amsa da tafi, ɗaya sahun ya mayar. Ƙaramar gangar nagrazan tana tsinka kiɗan da sanduna biyu. Sai mutum biyu su fito tsakiya suna juya sanda suna zaga wutar, in sun gama wasu biyu su karɓa. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, ta kuma ce masu yinsa kan kai daga 15 zuwa 100. Na tuna 'yar kawuna da sahunta biyu na Bath, sai dai mu a nan ba mai kira maka taku, kuma in ka shiga fili ba a lokacinka ba, ko sandarka ta gifta ta wani, a zamanin dā faɗa ne tsakanin unguwa da unguwa, har sai umda, wato mai unguwa, ya shiga tsakani. Dattawan Hijaz da yawa ba sa musun cewa kiɗan nan da hannun mutanen Afirka a ciki, wanda kuma ya taɓa jin kalangu ko gangar noma ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ina tsaye a ƙarshen sahu ina tafi, sai na ga dattijon da ke jagorantar makaɗan yana ta kallona. Baƙi ne, ya haura saba'in, da gabanarsa a naɗe tsaf irin ta 'yan Makka na asali. Da aka ɗan tsagaita ya tako ya zo, ya kama bakin rigar ya murza saƙin tsakanin yatsunsa, ya daɗe yana duba aikin ƙirjin. Sai ya ce da wata irin Hausa da ta sha Larabci ta ƙoshi: “Yaro, rigar wa?”

Na ce, “Ta kakana ce, Baba.”

Ya ce, “Ubana yana da irinta. Da aka rushe gidanmu ban san inda ta shiga ba.” Ya miƙo min sandarsa. “Yalla, shiga.”

Nan fa ake yinta. Ashe babbar riga ba a yi ta don mizmar ba. Juyi na farko hannun rigar ya zamo daga kafaɗa, na biyu ya naɗe sandar, na uku saura ƙiris gefenta ya lashi wuta. Aka fashe da dariya, har da mai tsaron ƙofar nan. Dattijon ya ɗaga hannu aka rage kiɗa, ya zo ya tattare min hannuwan rigar biyu ya ɗora a kafaɗa yadda dattawanmu ke yi in za su yi alwala, ya cire bugsharsa ya ɗaure min a ƙugu a kan rigar. Wani irin haɗi ne da ban taɓa gani ba, sama Kano ƙasa Makka. Aka sake ɗaga zomal, na zaga wutar sau huɗu ban faɗi ba. Ba zan ce na iya ba, wanda muka fito tare da shi ya fi ni nesa ba kusa ba, amma dai na gama, sahu biyu suka yi min tafi.

Saurayin nan ya zo daga baya da kofin shayi ya ce in tsaya mu ɗauki hoto. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Na tsaya an ɗauka.

Sai wajen ƙarfe uku na koma gida, na tarar Baba bai kwanta ba, wai yana kallon labarai. Na cire rigar na miƙa masa. Ya juya ta ya ga inda wuta ta ɗan taɓa gefen, baƙin tabo kamar girman kwabo. Na fara ba shi haƙuri, ya ce in bari. Ya shinshina ta, warin hayaƙi da tsire, ya ce, “Ka yi rawa da ita?” Na ce na yi. Ya ce, “Allah ya jiƙan Malam, da ya ga haka da sanda zai bi ka.” Ya ninke ta a hankali, amma maimakon akwatin ƙarfe sai ya wuce da ita ɗakina ya ajiye a cikin kayana.