Waƙar da Aka Fara Naɗa a Sakkwato Ta Zaga Duniya

Matasan Sabon Birni da Isa da ke sauraron garayar Turawa ta Mdou Moctar a wayoyinsu, kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa a Sakkwato wannan mawaƙi ya naɗi faifansa na farko. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, Ba'abzine ne daga jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, bahago kuwa, wanda ya haɗa garayarsa ta farko da wayar birkin keke.

A shekarar 2008 ya sauko Sakkwato ya naɗi faifan nan mai suna Anar, aka gyara muryarsa da na'ura irin yadda ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa. Ba kamfanin da ya tallata shi. Waƙoƙin sun bi ta katin waya ne, daga hannu zuwa hannu, har ɗaya daga cikinsu, Tahoultine, ta faɗa kunnen wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, wanda ya sa ta cikin faifan da kamfaninsa na Sahel Sounds ya fitar a 2011. Daga nan ƙofa ta buɗe.

A watan Oktoba na 2020 ƙungiyarsa ta mutum huɗu ta fitar da waƙar Chismiten tare da hotonta na bidiyo, sa'an nan a watan Mayu na 2021 kamfanin Matador na Amurka ya fitar da faifan Afrique Victime, inda mawaƙin yake kokawa da yadda ake kwashe arzikin Afirka a bar mutanenta cikin wahala.

Abin takaici shi ne, wata huɗu bayan haka, a Satumba 2021, aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da Sabon Birni da Isa. Watau a lokacin da mutanen Landan da Niyok ke kallon bidiyon a YouTube, Bagobirin da ke bakin iyaka, wanda kusan halin da yake ciki ake waƙewa, ba shi da hanyar ganinsa sai in wani ya tura masa ta kati, kamar dai yadda aka yi da Anar shekara 13 kafin nan.