Hanyar Dutsen Koza

Da yawa daga cikinmu mazauna Garwa ba mu san Mokolo da Mora ba sai a bakin fatake, alhali tsakanin garuruwan nan biyu akwai hanyar da ta isa a tashi takanas a gani, wato mashigin Koza cikin duwatsun Mandara.

Daga Garwa sai a kama titin Marwa, kana a karkata yamma zuwa Mokolo. Daga nan aiki ya samu direba. Hanya ce matsattsiya mai kwana-kwana, sai ƙaramin giya da birki mai kyau, ga yin hon a kowace kwana. Da damina kuwa haƙuri ya fi.

Abin da ke tsayar da mutum a can sama, a ganina, aikin hannun Mafa ne. Sun jera duwatsu hawa-hawa tun daga gindin dutse har ƙoli don kada ruwa ya kwashe ƙasa, suna noma dawa da gero inda mu za mu ce akuya ma sai da dabara. A ƙauyen Jingiliya masu saƙar kwanduna da maginan tukwane sun daɗe suna cin abinci da baƙi.

To, tun da 'yan Boko Haram suka sace wani limamin Kirista Bafaranshe a Ngecewe, kusa da Koza, cikin Nuwamba 2013, baƙin suka ɗauke ƙafa, ciniki ya faɗi. Mai niyyar zuwa ya fara tambayar hukuma a Mokolo, ya tafi da rana, ya dawo kafin la'asar, kuma kada ya baro Jingiliya bai sayi ko kwando ɗaya ba.