Sau Nawa Mai Hawan Jini Zai Ga Likita?

A ƙasar Birnin Gwari, kamar sauran ƙasashen Hausa, galibi manomi ba ya neman asibiti sai ciwo ya kwantar da shi. Wannan al'ada kuwa ba ta yi wa mai hawan jini rana, gama cutar tana iya cin mutum shekara da shekaru bai ji kome ba, sai ran da ta shanye masa ɓarin jiki, ko ta taɓa zuciya ko ƙoda.

Ga ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar cikin 2021. Wanda aka tabbatar jininsa ya kai 140 bisa 90, aka ɗora shi bisa magani, sai ya riƙa komawa wata-wata har awon ya sauka. Haka nan in an sake masa magani. Sa'ad da ya daidaita, zuwa ɗaya cikin wata 3 zuwa 6 ya wadatar. Dalili kuwa, maganin danne cutar yake yi, ba ya kashe ta. Wanda ya ji sauƙi ya aje ƙwaya, jinin sai ya koma hawa bai sani ba.

To, amma kiyaye wannan ƙa'ida sai da hanya. Shekarun da 'yan bindiga suka mamaye dajin Kamuku, suka riƙa tare hanyar Kaduna da ta Funtuwa, fita daga Kuyello ko Randagi ko Dogon Dawa ta zama kasada, zuwa awo ya gagari masu cutar. Cikin Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari aka ƙulla sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu.

Saboda haka wanda zuwansa ya katse, kada ya sayi tsohuwar ƙwaya a kemis ya ci gaba da sha da ka. Lalle ne a fara auna shi, gama jikin bara ba shi ne na bana ba. Ba sai ya je Kaduna ba: awon na 'yan mintoci ne, malamin asibiti yana yi a ɗakin shan magani, abin da ya fi ƙarfinsa ya tura babban asibitin gari.

Amma wanda bakinsa ya karkace, ko hannu ya mutu, ko ƙirji ya riƙe, ba ya jiran wa'adi, sai a garzaya da shi nan take. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ƙara wa jama'a lafiya, amin.