Soyayyen Kifi Mai Garas-Garas Ba Sai Da Giya Ba

Kifi ba baƙo ba ne a gabashin Sakkwato. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a kan Gulbin Rima a 1984, tana ba masunta tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, mutanen Rabah kuma a bakin Gulbin Sakkwato suke zaune tun kaka da kakanni. Abin da aka saba shi ne a yi banda, ko a shafa gishiri da yaji a jefa a mai. Amma yanzu matan gida suna gani a waya irin suyar mutanen Ingila, inda ake tsoma kifi a ƙullun fulawa ya fito jawur, ana ci yana ƙara. Da yawa kan haƙura da zarar sun ji da giya ake kwaɓa ƙullun.

Gaskiya ne can suna zuba giya, kuma gaskiya ne zafin wuta ba ya kore barasa gaba ɗaya, don haka ƙyamar Musulmi tana kan hanya. Sai dai babban aikin da giyar ke yi a ƙullu iskar da ke cikinta ce ke yin sa, wato iskar nan mai tashi idan an buɗe kwalbar lemo. Da ƙullu ya shiga mai mai zafi sai iskar ta kumbura, ta bar ƙananan ramuka birjik, ruwan ciki ya samu hanyar fita ya zama tururi. Ɓawon da ya rabu da ruwansa shi ne ke bushewa ƙayau. Duk macen da ta iya buga ƙullun ƙosai har ya tashi ta riga ta san wannan ilimi a hannunta. Ruwan soda marar zaƙi yana yin aikin nan tsaf. In babu shi, ƙaramin cokali ɗaya na bekin foda a kofin gari ya wadatar.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne garin. Fulawa tana da wani sinadari mai danƙo da ake kira gulutin, wanda ke ƙara ƙarfi gwargwadon yadda aka juya ta. Shi ke sa burodi ya yi kyau, shi ne kuma ke sa ɓawon kifi ya yi tauri ya riƙe ruwa. Garin shinkafa ba shi da wannan danƙo ko kaɗan. A ganina, nan mutanen Wurno suka fi mai suya a Landan sa'a, domin shinkafar fadamarsu tana nan a ƙofar gida. A niƙa ta da laushi, a haɗa rabi da rabi da fulawa, a kwaɓa da ruwan soda mai sanyi ƙarara, a juya sama-sama ko da ƙananan gudaji sun rage, a soya nan take. Sanyi yana riƙe iskar, yana kuma rage danƙon. Dakakkiyar tafarnuwar Goronyo da citta a jikin kifin za a shafa su, kada su ƙone a waje.

Tarwaɗa sai an wanke yauƙinta da lemon tsami da gishiri, a cire ƙaya, a tsane ta sosai, a barbaɗe ta da busasshen gari, in ba haka ba ƙullun zai saɓule.

Sai mai. Ruwa yana tafasa a digiri 100, suyar nan kuwa tana son wajen 180. Babu ma'auni a yawancin gidajenmu, to a ɗiga ƙullu kaɗan: in ya taso nan da nan yana cuwwa, mai ya yi. Kada a cika kasko, domin kowane yanka yana sauke zafin, kifin ya sha mai ya yi laƙwas. In an tsame, a ɗora a matsami iska ta ratsa. Rufe shi a kula ko leda yana mayar da tururi cikin ɓawo.

Abin da nake roƙo shi ne a kula da man da ake maimaitawa. Man gyaɗa yana jure wuta, amma in ya yi baƙi, ya yi kauri, yana kumfa ko hayaƙi tun bai yi zafi sosai ba, ya lalace, kuma cinsa yana cutar da jiki. Uwargida, ki tace manki bayan kowace suya, in ya kai wannan hali ki zubar da shi.